Ranar da na ce "yes" aka ɗage tiyatar wani dattijo

Ni ma'aikaciyar jinya ce, bana shekarata 14 a bakin aiki. Na daɗe ina riƙe da wannan labari a ciki, kunya ce ta hana ni faɗa. Amma yanzu da ake turo mini ɗalibai su koyi aiki a hannuna, nake jin irin amsar da na taɓa bayarwa tana fitowa daga bakinsu kusan kullum, sai na ga shirun nawa ba zai amfani kowa ba.

Ina cikin shekarata ta biyu da fara aiki wata tawagar likitoci ta zo daga Ingila domin yi wa marasa lafiya tiyata na kwana 5. A cikin waɗanda aka rubuta akwai wani dattijo mai fama da ƙaba, wanda ya yi wata 8 yana jiran layi ya zo kansa. Ciwon ya hana shi aikin da yake ciyar da iyalinsa da shi. An sa sunansa a rana ta ƙarshe, shi ne na biyu a jerin safe, kuma ni ce nake aikin dare a ɗakin da aka kwantar da shi. Na yi masa bayani cewa daga sha biyun dare kada ya sa komai a bakinsa. Don tsoron kada a samu matsala, tun ƙarfe shida na yamma ya rufe bakinsa, ko ruwa da na miƙa masa wajen ƙarfe goma ya ce in bari.

Da safe, ana gab da karɓata, likitan da ke sa mutum barci kafin a yi masa aiki ya shigo da takarda a hannu, yana bin gado gado cikin sauri. Da ya iso kan dattijon, bai ko ɗago kai ba ya ce:

"He hasn't eaten anything, has he?"

Na ce, "Yes, doctor."

A zuciyata na ba shi amsa mai kyau: eh likita, haka ne, bai ci komai ba. Sai na ga ya ɗago ya dube ni, ya ce, "When?" Na ɗauka yana tambayar yaushe rabonsa da abinci, na ce, "Six o'clock." Ya ja wani layi a takardarsa, ya rubuta wani abu, ya wuce gado na gaba. Ni kuma na miƙa aiki na tafi gida na kwanta da kwanciyar hankali.

Abin da likitan ya ji shi ne: ya ci, kuma da ƙarfe shida na safiyar nan. Ƙa'idar aikinsu ita ce sai an yi aƙalla awa 6 da cin abinci kafin a sa mutum barci, don kada abin da ke cikinsa ya taso ya shiga huhu. Saboda haka ya mayar da sunan dattijon can ƙarshen jeri. Da rana aka kawo mutum biyu da ba za su iya jira ba, lokaci ya ƙure, ba a kai kansa ba. Ya kwana ya wuni da yunwa, kusan awa 24, kuma washegari tawagar ta koma ƙasarsu.

Da na dawo aiki da daddare, babbar nas ɗinmu ta kira ni ofishinta. Ta ce, "Me ya sa kika bar Baba ya ci abinci bayan kin san za a shiga da shi?" Na rantse mata bai ci ba. Ta juyo mini da takardar, ga shi a rubuce da hannun likita cewa nas ɗin dare ta tabbatar ya ci da ƙarfe shida. Na ce ƙarya aka yi mini. Ta ce in zauna in maimaita mata abin da ya ce da abin da na ce, kalma bayan kalma. Ina gamawa ta dafe kai.

Ta ce, "'Yar nan, ai ke kika ce masa ya ci."

Na ce, "Sista, gaskata shi fa na yi. Ya ce bai ci ba, na ce eh."

Ta ce, "Da Hausa kin gaskata shi. Da Turanci ƙaryata shi kika yi."

Na je gadon dattijon na durƙusa na faɗa masa laifina ne, bakina ne ya jawo. Ya dube ni ya ce, "'Yata, tashi. Lokacinsa ne bai yi ba." Da ya zage ni da abin ya fi mini sauƙi. Na raka shi har ƙofa washegari yana tafe yana dafe da mara, kuma har yau idan na rufe ido ina ganin tafiyar nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba jahilar Turanci ba ce ni. Na ci shi da kyakkyawan sakamako a sakandare, da shi na yi karatun jinya, da shi nake rubuta rahoto kullum. An koya mana irin wannan 'yar wutsiyar tambaya da ake liƙa wa jimla, mun cike gurbi ba adadi: "He hasn't come, has he?", "She is here, isn't she?" Muna cinye makin duka. Amma ban tuna ranar da wani malami ya tsaya ya ce mana, to idan aka yi muku wannan tambaya, ga yadda ake amsawa ba. Mun iya ƙera tambayar, amsar kuwa muna ɗauko ta daga Hausa mu sa mata rigar Turanci.

Na yi wata da watanni ina gudun magana da duk likitan da ba ya jin Hausa. Idan na hango ana zagayen marasa lafiya sai in sami abin yi a wani lungu. Wanda ya fitar da ni daga wannan hali mahaifina ne, mutumin da ko gaisuwa bai iya da Turanci ba. Karatunsa na Larabci ne, ya yi shekaru yana koyar da nahawu. Wata rana ya ga na yi zugum ya tambaye ni, na kwashe labarin na faɗa masa, ina zaton zai ce in yi haƙuri kawai. Sai na ga ya gyara zama.

Ya ce, "Maimaita mini. Ya kore cin, kika ce masa eh ɗinsu, shi kuma ya ji kin tabbatar da cin?"

Na ce, "Haka aka yi, Abba."

Ya ce, "To ai wannan tsohuwar mas'ala ce." Ya karanto aya ta 172 a Suratul A'araf, inda Allah Ya tambayi zuriyar Adamu, "Alastu bi rabbikum," wato shin ba Ni ne Ubangijinku ba, suka amsa da "bala". Ya ce in lura ba "na'am" suka ce ba. A Larabci "na'am" tana gaskata maganar da aka yi ne yadda ta zo, ko tabbatarwa ce ko korewa, kamar dai "eh" ɗinmu. "Bala" kuwa aikinta ta rushe korewar ta tsayar da abin da aka kore. Ya ce malaman nahawu suna kawo maganar da ake jingina wa Ibn Abbas cewa da "na'am" suka ce a wannan wuri da sun kafirta, domin ma'anar za ta zama eh, ba Kai ne ba. Sannan ya ce, "Ina jin kalmar nan tasu, idan ta biyo bayan korewa, aikin 'bala' take yi. Ke kuma kika yi amfani da ita a matsayin 'na'am'."

Wallahi a zaune nake amma ji na yi kamar an buɗe taga a ɗaki mai duhu. Abin da shekaru 12 na makarantar boko ba su warware mini ba, ya warware shi kafin a kira sallah.

Daga ranar na shiga bincike, kuma ga abin da na fahimta. Mu Hausawa mutum muke amsa wa. Idan ka ce mini "Bai zo ba ko?", na ce "eh", ina nufin maganarka daidai ce. Na ce "a'a", ina nufin ka yi kuskure, ya zo. Bature kuwa ba ruwansa da yadda ka jero tambayar, abin da ya faru yake duba. Idan abin ya faru, "yes". Idan bai faru ba, "no". Ko ka ce "Has he eaten?", ko "Hasn't he eaten?", ko "He hasn't eaten, has he?", matuƙar bai ci ba amsar ɗaya ce: "No, he hasn't." Wato a Turanci da "no" ake yarda da korarriyar magana. Wannan ne ya fi yi wa kunnen Bahaushe nauyi, domin a wajenmu ka ce wa babba "a'a" alhali kana goyon bayansa abu ne da harshe ba ya so ya furta.

Na kuma gano ba mu kaɗai muke da tsarinmu ba. Mutanen Japan ma da "hai" suke gaskata korarriyar tambaya, kamar mu. Faransawa sun ware kalma ta musamman, "si", don rushe korewa, Jamusawa suna da "doch". Abin da ya fi burge ni shi ne Turancin kansa ya taɓa mallakar kalmomi huɗu: "yea" da "nay" don amsa tambayar da ba korewa a cikinta, "yes" da "no" don amsa wadda aka kore. Har a shekarar 1532 wani marubuci ɗan Ingila mai suna Thomas More ya caccaki William Tyndale, wanda ya fassara Sabon Alkawari zuwa Turanci, kan ya sa "no" a inda ya kamata ya sa "nay". Ashe asalin "yes" ɗin nan "bala" ce tun fil azal. Da na koma na faɗa wa mahaifina hasashensa ya yi daidai da tarihi, murmushi ya yi ya ce harsuna duk 'yan uwan juna ne a wajen wahalar da ɗalibi.

Ina cikin wannan bincike na gano ramin na biyu, wanda na daɗe ina faɗawa ban sani ba. A Hausa "ni ma" tana shiga ko'ina. Ka ce "Na gaji," in ce "Ni ma." Ka ce "Ban gaji ba," in ce "Ni ma." Don haka duk abin da aka faɗa mini da Turanci sai in ce "Me too." Ashe "too" da "so" na tabbatacciyar magana ne kawai. Idan maganar korarriya ce, "neither" ko "either" ake nema. Wanda ya ce "I am tired," sai ka ce "So am I" ko "I am too" ko "Me too." Wanda ya ce "I am not tired," sai ka ce "Neither am I" ko "I'm not either" ko "Me neither." Akwai "Nor am I" ma, ma'anarsu ɗaya. Za ka ji wasu Amurkawa suna cewa "Me either" a hira, amma ni ba na koya wa ɗalibi ita sai ya riƙe sauran da kyau.

Wahalar ba a zaɓen "so" ko "neither" ta tsaya ba. Dole ka kama ɗan ƙaramin aikatau mai taimakon da mai magana ya yi amfani da shi, ka mayar masa da shi. "I can swim," "So can I." "I have finished," "So have I." "I won't go," "Neither will I." Idan kuma jimlar ba ta da shi a fili, sai ka aro "do" ko "does" ko "did" gwargwadon lokacin: "I work at night," "So do I", "I saw him," "So did I." Kuma "neither" ta riga ta ɗauki korewar a cikinta, ba a ƙara mata wata. "Neither don't I" kuskure ne da na yi ta yi kafin bakina ya saba. Na sayi ƙaramin littafi na raba kowane shafi biyu, duk jimlar da na ji an faɗa a wurin aiki in rubuta ta a hagu, in rubuta amsar yarda a dama, in karanta da ƙarfi a hanyar komawa gida.

Akwai wasu kalmomi masu ɓoye korewa a cikin riga, su suka fi ba ni wuya: "never", "hardly", "rarely", "seldom". Babu "not" a jimlar, amma korarriya ce. Abokiyar aiki ta ce "I hardly see my children these days," amsar ita ce "Neither do I," ba "So do I" ba. Sannan jerin kalmomin ma yana sauya ma'ana. "So have I" na nufin ni ma haka. "So I have" kuwa na nufin lallai kuwa, ashe haka ne, kamar idan aka ce maka akwai jini a hannun rigarka ka duba ka gani.

Ba zan manta daren da abin ya fara fitowa da kansa ba. Wajen shekara guda bayan abin da ya faru, ina aiki tare da wata nas baƙuwa, muka kwana a tsaye kan wani yaro da numfashinsa ke sama sama. Gab da asuba ya samu sauƙi, muka zauna a kan benci, ta ce, "I haven't slept since Tuesday." Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce, "Neither have I." Ita ba ta ma lura ba, ta jingina kanta da bango kawai. Ni kuwa sai da idona ya kawo ruwa.

Na sha jin masu cewa wannan duk ƙaƙale ne, ai an dai gane abin da kake nufi. A hirar abokai, eh, idan ka ce "Me too" a inda ya kamata ka ce "Me neither" za a gane, ba wanda zai mutu. Amma "yes" da "no" ba ƙawa ba ce. A ɗakin marasa lafiya ana tambayar ko an ba da allura, ko magani yana yi wa mutum illa, ko mace tana da juna biyu. A gaban alƙali ana tambayar ko kana wurin. Matuƙa jirgin sama ma ba su yarda su dogara da waɗannan gajerun kalmomi ba, "affirm" da "negative" suke cewa, kuma suna maimaita umarnin da aka ba su don mai ba da shi ya ji ko an fahimce shi. Haka kuma ban yarda da masu yi wa ɗalibi dariya idan ya yi wannan kuskure ba. Yaron bai yi rashin hankali ba, hankalin harshensa ya bi, kuma tsarin Hausa a nan ba shi da wata naƙasa. Abin da yake buƙata a nuna masa inda hanyoyin biyu suka rabu.

Ina kuma ganin mai tambaya yana da nasa kason. Me zai sa ka kifa tambaya a wurin da rai ke hannunka? Takardar binciken lafiyar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, mai abubuwa 19, na zauna na karanta ta da wannan ido, na ga tambayoyinta a miƙe suke: an yi wa wurin aikin alama, akwai abin da jikin majiyyacin ba ya so, an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce. Tun daga nan na daina yi wa kowa korarriyar tambaya a bakin aiki, da Hausa ko da Turanci. Ba na cewa "Ba ka sha maganin ba?" Sai in ce "Ka sha maganin?"

Ɗalibaina kuwa abu ɗaya nake tilasta musu: kada su bar "yes" ko "no" ta fita ita kaɗai. A ƙarasa jimlar. "No, she hasn't." "Yes, I did." Ko da an zaɓi kalmar farko ba daidai ba, wutsiyar za ta tona, mai sauraro zai tsaya ya tambaya. Da a ranar nan na ce "Yes, he hasn't," duk da Turancin ya karye, da likitan ya gane. Wanda kuma bakinsa ya ƙi furta "no" ga na gaba da shi, na ba shi mafita: ya ce "That's right, he hasn't." Turawan ma da kansu suna fakewa a nan idan suka ji tambayar ta murɗe.

Kwanan baya wata ɗaliba ta zo mini tana kuka, wai likita ya canza mata fuska ba ta san laifinta ba. Da na bincika, cewa ya yi, "Do you mind staying one more hour?" ita kuma da zuciya ɗaya ta ce "Yes." Tana nufin ta yarda, shi ya ji ta ce abin zai dame ta. Na zaunar da ita na nuna mata "mind" damuwa ce, mai yarda "No, not at all" yake cewa. Haka nan idan na tsaya tafinta tsakanin majiyyaci da likita, ma'ana nake juyawa. Aka tambayi tsohuwa "Ba ki da ciwon suga?" ta ce "Eh," ni "No, she doesn't have it" nake faɗa, kuma nakan sake tambayarta a miƙe kafin in faɗa.

Dattijon nan ya dawo bayan wata 11, lokacin da wata tawagar ta zo. Ya rame, tafiyarsa ta ƙara nauyi. Na roƙi Sista ta sa ni aikin dare a ɗakinsa, ta dube ni na ɗan lokaci sannan ta rubuta sunana. Ya gane ni tun daga ƙofa, ya ce, "'Yata, ke ce dai?" Na ce, "Ni ce, Baba." A daren ban runtsa ba, ina zagayowa gadonsa kamar mai gadin dukiya.

Da safe wata likita ce ta shigo, ba wancan ba, da takardarta a hannu. Ta tsaya a kansa ta ce, "Nothing to eat since midnight?"

Na ce, "No, doctor, he hasn't eaten anything. His last meal was at six yesterday evening."

Ta yi alama a gaban sunansa. Ƙarfe takwas da rabi aka turo keken ɗaukar marasa lafiya, lokacin tashina ya riga ya wuce, amma ni na tura shi da hannuna har ƙofar ɗakin tiyata, na zauna a bencin waje sai da aka fito da shi.